Jaka ta hana ni barci, maigida ya ce in zaɓa

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a wata makarantar kuɗi, ina da takardar shaidar malanta ta NCE, ina zaune a Ɗorayi da maigida da yara uku. Babbar shekararta tara, ƙaramin bai cika biyu ba. Shekara uku ke nan ina haɗa jaka da takalmin mata, na fata da na leda, wani lokaci in lulluɓe da atamfa ko leshi in amarya ta kawo. Alhamdulillahi hannuna ya karɓu, a mako nakan karɓi seti huɗu ko biyar. Seti ɗaya, jaka da takalmi, naira 18,000 nake sayarwa, kayan aikinsa su ci kamar 11,000, kuma yana cin awa tara. Amma Anti ban san inda kuɗin yake zuwa ba. Wani yana bashi, yawanci a hannun 'yan'uwa da dangin miji, wani ya shige cefane. Ba na kwanciya sai ɗaya ko biyun dare, kaina ba ya daina ciwo, shugaban makaranta ya yi min magana a kan latti, 'yata ta ce "Umma ke kullum jaka". Makon jiya maigida ya ce ya gaji, in zaɓa, ko makaranta ko jaka. Ni kuma burina in yi digiri ko Allah zai sa in samu aikin gwamnati, bara har fom na saya na kasa cikewa. Wanne zan bari?

Wata malama daga Ɗorayi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da fama, Allah Ya yi wa wannan hannu albarka, Ya raya mana yaran.

Kada ki ajiye makaranta, kada kuma ki ajiye jaka, aƙalla ba a wannan zangon ba. Abin da za ki ajiye shi ne seti na uku da na huɗu da na biyar. Na san za ki ce Anti ba ta san wuyar samun kwastoma ba shi ya sa take cewa a kore shi. To zauna mu yi lissafi da alƙaluman da ke da kanki kika turo.

Mako awa 168 ne, ga mai jaka da marar jaka. Cire barci awa bakwai kullum, 49 ke nan. Makaranta da zuwa da dawowa, awa takwas sau biyar, 40. Duba littattafan yara da rubuta darasin gobe, mu ce biyar a mako, kuma na yi miki sauƙi. Girki da wanke-wanke da wanki da shirya yara boko da Islamiyya da rarrashin ƙaramin, awa biyar a rana ba ta yi yawa ba, 35. Salla da azkar da wanka da cin abincinki, biyu a rana, 14. Sai biki da suna da dubiya da gaisuwar mutuwa da leƙa Hajiya, waɗanda ba mai kuɓuce musu a Kano, mu sa shida. In kin tara, 149. Saura 19. Ashe makonki seti biyu yake ɗauka, da awa ɗaya ta shan iska. Ke kuwa kina karɓar aikin awa 36 zuwa 45. Cikon daga barcinki kike yankowa, da lokacin yara, da hirar dare da maigida, da mintunan safiyar da ke sa ki latti. Ciwon kan da maganar shugaban makaranta da ta 'yarki da ta maigida duk tushensu ɗaya.

Yanzu kuɗin. A ranki ribar seti 7,000 ce. Ba ta kai ba. Kuɗin adaidaita daga Ɗorayi zuwa Ƙofar Wambai ko Sabon Gari da dawowa, kin sa shi? Data da katin waya fa? Mai babur ɗin da ke kai wa kwastoma, wanda sau da yawa ke kike biya don kunya? Allurar da ta karye, man keke, reza, gam ɗin da ya bushe a gwangwani, fatar da aka yanka ba daidai ba? Na ƙiyasta miki 2,500 a kan kowane seti. Ki gyara in na yi yawa, amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ba na jin na yi yawa. Saura 4,500. Raba su awa tara, naira 500 ke nan a awa. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta amince da shi a ƙarshen 2024 naira 71,000 ne; in aka raba shi a kwanakin aiki 22, awa takwas-takwas, kowace awa ta tashi naira 400 da 'yan kai. Wato gwanintar da kika yi shekara uku kina gogewa, a tsakar dare, da ƙyar ta ɗara ladan wanda aka ɗauka aiki jiya. Shi ma in kowa ya biya ne. Setin da aka karɓa aka ƙi biya kin zuba masa 13,500, kuma kafin ki mayar da su sai ribar wasu uku ta tafi. Seti huɗu, awa 36, ko sisi. Kin ga inda kuɗinki yake zuwa.

Don haka farashi zai tashi, kuma ba da ɗari biyar ba. Ki tara kuɗin kaya a farashinsu na yau, ba na ranar da kika saya ba, domin da na yau za ki sake sayowa, kuma leda da zif da ƙarafan ado galibi daga waje ake shigo da su, dala suke bi. Ki ɗora waɗancan ƙananan kuɗaɗen, ki ɗora ladan awanninki kamar wata kika ɗauka aiki, sannan ribar sana'a. In kin ba kanki 1,000 a awa, setin nan ya kai 22,500 tun kafin riba. Ki ce 25,000. Wasu za su gudu, tabbas, kuma dama so muke su ragu. Seti biyu a 25,000 za su bar miki 23,000 a mako. Seti biyar a tsohon farashi 22,500 suke bari, shi ma in ba wanda ya ci bashi.

Za a ce miki ai a Sabon Gari ana samun 'yar China a ƙasa da haka. Gaskiya ne, sai dai ba da ita kike takara ba. Mai zuwa wurinki jakar da ta hau da leshin ankonta take so, ko fata ta gaske wadda ba za ta yi ɓawo bayan damina ɗaya ba. Garin nan da fata aka san shi tun zamanin ayarin Sahara; fatar akuyar da Turawa suka riƙa kira ta Maroko daga ƙasar Hausa ake kai ta. Ki karkata ga irin wannan aikin, ki rage na leda mai arha, wanda wahalarsa ɗaya da na fata amma ba ya ɗaukar kuɗi.

Sai babban ciwon, bashi. Daga yau ba a yanka fata sai an ba da kafin alƙalami, kuma ya rufe kuɗin kaya gaba ɗaya, kamar kashi 60 cikin 100 na farashi. Cikon kuma kafin kaya su bar gida, babu "zan turo in na isa". Ki duba cikin asusun da idonki, kada ki yarda da hoton rasit, na bogi sun yi yawa. Ki sayi littafi mai ƙarfin bango ki riƙa rubuta suna, abin da aka yi oda, launi, lambar ƙafa, abin da aka bayar, abin da ya rage, da ranar karɓa. In wata ta ce ashe babu yarda, ki tuna mata cikin raha cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma muminai aka yi wa umarnin.

Baƙuwa ba ta da wuyar sha'ani. Wuyar tana wajen ƙanwar miji da faccala da 'yar yayarki, masu ɗaukar jaka su rataya su ce "wannan kam tawa ce", a yi dariya, ke ma ki yi, ki shiga ɗaki ranki yana suya. Ba mugaye ba ne. Sun ga a gida kike yi, a zaune, sai suke ganinta kamar tuwon da aka tuƙa da yawa, wanda kowa ya shigo sai a ɗebar masa. Ba su san nawa fatar ta ci ba, kuma ke ce ba ki taɓa faɗa musu ba. Kin cakuɗa kyauta da ciniki, yanzu sai ki raba su. Ki yanke wa kanki kyautar shekara, ko seti uku ne: na Hajiya da salla, na ƙanwar da za a aurar, da ɗaya na ko-ta-kwana. Ki miƙa su da hannu biyu, ki faɗa da bakinki cewa kyauta ce, ki samu ladan ki samu godiyar. Abin da ya wuce nan ciniki ne. In kin ga dama ki sauke wa 'yan'uwa ribar, amma ban da uwar kuɗi da ladan hannu. Maganar ma ba sai ta yi kauri ba: "Yaya, kuɗin kaya jari ne, in na taɓa shi keken ya tsaya. Ki kawo na fata in fara miki ranar Asabar." Sau biyu za ki faɗa a ji haushi, na uku an saba. Tsohon bashi kuwa ki rubuta shi duka. Mai biya in an tuna masa ki tura masa saƙo mai ladabi da adadin, marar ƙarfi ki karɓi dubu biyu-biyu, wanda kika san ba zai fito ba ki yafe ki goge, ya daina cin ranki. Na dangin miji kada ki bi da kanki in kin san zai zama magana.

Kuɗin sana'a su samu asusunsu daban, na banki ko na waya irin su OPay da Moniepoint, ko banki marar ruwa kamar Jaiz in da shi hankalinki ya fi kwanciya. Ba albashi a ciki, ba kuɗin cefane. Ƙarshen wata ki biya kanki adadi ɗaya, ki bar jari, ki ware na gyaran keke da na karatu. Rajistar sunan sana'a a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, abu ne mai kyau, amma ba shi ne ciwonki na yau ba.

To maigida. "Ki zaɓa" maganar wanda ya gaji ce, kuma da wuya a ce jakar kanta ce ta dame shi. Mutum ya dawo daga nema ya tarar da falo cike da guntayen fata, gida yana warin gam, ana ta sallama ana neman mai jaka har bayan isha, matarsa ta ajiye masa abinci ta koma kan keke, ya kwanta shi kaɗai, ya farka ƙarfe ɗaya ya ji keken bai tsaya ba. Ya kuma duba bai ga kuɗin ba. Ko ke ce za ki ce a zaɓa. Kada ki je masa da kuka, kada ki je da "ai haƙƙina ne", kada kuma ki kai ƙara gida tukuna. Ki samu daren da ba ki taɓa keke ba, bayan yara sun kwanta, ki ce: "Abban yara, na ji maganarka, kuma kana da gaskiya a kan daren nan. Ga abin da na tsara, ka duba min." Ki nuna masa a rubuce. Seti biyu a mako. Litinin zuwa Laraba awa biyu-biyu, ko bayan la'asar in manyan sun tafi Islamiyya ko tsakanin isha da ƙarfe goma. Asabar da Lahadi awa shida-shida. Alhamis da Juma'a, da ba a zuwa Islamiyya, keke a rufe. Ba kwastoma a gida bayan magariba. Ki roƙi gwajin zango ɗaya, in an yi hutu ku zauna ku duba. Namiji ya fi saurin yarda da abin da ke da iyaka da ranar dubawa a kan "zan gyara in sha Allahu". Sannan ki tambaye shi abin da ya fi ci masa rai, ki yi shiru ki saurara har ya gama. Wataƙila abin da zai faɗa ba ya ma cikin lissafina.

Ke ma kina da abin roƙo. Ya yi wa danginsa maganar bashi da bakinsa, don daga wurinsa tunatarwa ce, daga wurinki rashin kunya za a kira ta. Ya ɗauke miki yaran da safiyar Asabar, ko gidan Hajiya ne su je. Ku kuma daidaita batun cefane. Ciyarwa nauyin miji ce, abin da mace ta samu da hannunta nata ne. Amma a zamanin nan samun mutum ɗaya da ƙyar yake kai wata, kuma taimakon da kike yi ba asara ba ne. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud, mace mai sana'ar hannu, ta sa an tambayar mata Manzon Allah (SAW) game da ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, aka ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Abin da nake so dai ya zama adadi sananne da kika ware da son ranki kowane wata, ba zura hannu cikin jari duk sanda magi ya ƙare ba. Littafin zai nuna masa nawa jakar nan take zubawa a tukunya, wanda ina zaton shi ma bai sani ba. Ki bar littafin ya yi magana, ban da gori.

In bayan wannan duka ya dage sai kin ajiye ɗaya, kada ki yi fito-na-fito, ki nemi babban da yake jin nauyinsa a cikin danginsa ya roƙar miki zangon gwajin. In kuwa zaɓin ya zama dole, lissafin wata ukun ne zai yanke, ba fushi ba. A tsarin da muka yi jaka tana iya kawo 92,000 a wata, kuma makarantun kuɗi na unguwa da yawa ba sa biyan malamar firamare haka. Sai dai wannan a takarda ne, albashi kuwa tabbas ne komai ƙanƙantarsa, don haka ba a sakinsa sai littafi ya nuna kuɗin sun shigo wata bayan wata.

Ciwon kan nan kada ki ɗora shi duka a kan rashin barci. Gam ɗin takalmi ɗan'uwan sholishon da 'yan shaye-shaye ke shaƙa ne. Sinadarin da ke sa shi saurin bushewa yana kawo ciwon kai da jiri, kuma yana kama wuta nan da nan. Ke kuwa ina jin da dare kike shafa shi, a ɗaki a rufe saboda sauro, ga yaro ɗan ƙasa da shekara biyu kwance kusa. A daina. Shafin gam da rana, a tsakar gida ko baranda, nesa da risho da gas da kyandir da maganin sauro na kunnawa. Gam da reza da allura da ƙananan ƙarafa su shiga akwati mai kwaɗo. In kina da ciki ko kina zaton akwai, wani ya yi miki shafin. Ki je kuma a auna jininki a duba idonki, ba kullum a haɗiyi fanadol a koma kan keke ba.

'Yarki rabin awa take nema, wanda waya take kife: kitso ne, aikin gida ne, tatsuniya ce. In tana sha'awa ki ba ta guntayen fata ta yi wa 'yartsanarta jaka. Amma kada samun sauƙinki ya zama ita ce mai reno, ita ce 'yar aike. A gidajenmu da yawa sana'ar uwa a kan karatun babbar 'ya take tsayawa, kuma ke malama ce, kin sha ganin irinsu suna gyangyaɗi a aji.

Shekara ba ta tafiya bai ɗaya. Odar lefe da anko tana cunkushewa a Rajab da Sha'aban da ake rige-rigen ɗaura aure kafin azumi, da gab da salla, da hutun Disamba. Watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka wata shekarar cunkoson a kan makon jarrabawa zai faɗo. Ki ɗauki kalanda tun yanzu ki ja layi: makon jarrabawa da na cike sakamako a kowane zango, da goman ƙarshe na azumi, an rufe karɓar aiki. Dogon hutun Agusta shi ne lokacin aikin ajiya. Ki zaɓi samfuri huɗu ko biyar da kika san suna tafiya, ki yanka goma a zama ɗaya, ki ɗinka su a jere, za ki ga awa taran nan ta sauko. Mai gaggawa ta zaɓa cikin na ƙasa, mai son nata daban ta bi layi ta biya. Shiga kasuwa sau biyu a wata ya isa in kina da dila ɗaya amintacce da za ki tura wa hoto ya ba mai babur. Ki yi wa sana'ar layin waya daban da WhatsApp Business, yana da wurin jera hotunan kaya da farashinsu da saƙon da ke amsawa da kansa in kin tashi daga aiki. A aji kuwa wannan layin a kashe yake. Iyaye sun biya kuɗinsu, yaran amana ne, latti ma daga gobe ya ƙare.

Karatu ban ce ki fasa ba, ban kuma ce ki shiga bana ba. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle huɗu. Wadda ba ta samu awa ɗaya ta cike fom ba, ina za ta samu goma ta karatu a mako? Ki sa masa rana: shekara mai zuwa, lokacin ƙaramin ya shiga nazire, an gwada tsarin nan, kuɗin rajistar shekarar farko suna ajiye a asusu ko adashi. Mai NCE in ta bi shiga kai tsaye ta JAMB ba ta farawa daga aji ɗaya, amma wannan karatun kullum ne, ba zai haɗu da aikinki ba. Ki duba na ma'aikata da na nesa. Jami'ar Bayero, wadda tsohon matsuguninta ke maƙwabtaka da ku, tana da sashen ci gaba da karatu. Akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, mai cibiya a Kano. Akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna da cibiyoyin karatu a jihohi. Ki je da ƙafarki ki tambayi kuɗi da ranakun lacca da yawan shekaru. Ki kuma sani tun yanzu, ranar da kika shiga, Asabar da Lahadi sun tafi, jaka za ta koma aikin hutu da ɗan abin da ba a rasa ba. Shi ya sa nake so ki fara koya wa wata babba, ba yarinyar da aka cire daga makaranta ba, da lada sananne a kan kowane aiki.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa masu burin aikin gwamnati ba. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, in ban da noma. Na san abin da ake yi a ofisoshi, ke ma kin sani, amma dokar tana nan. In Allah Ya kawo aikin, a lokacin ne za ki yi zaɓin gaske, kuma gara ya same ki da littafin shekara biyu ko uku a hannu da wadda za ta iya riƙe keken.

Abin da ke gabanki a makon nan shi ne odar da kika riga kika karɓa. Alkawari ne, a tsohon farashi za ki cika, ba ƙari. Ki jera su gwargwadon ranar bikin kowa, ki lissafa biyu a mako, ki kira kowace yau ɗin nan ki faɗa mata ranar gaskiya. Wadda bikinta ba zai jira ba ki mayar mata da kuɗinta da yadinta, ki haɗa ta da wata mai yi da kika yarda da hannunta, ki ba ta haƙuri. Za ta ji haushi, amma ba kamar wadda aka yi ta ce wa "gobe" har ranar kamu ba. Sabuwar oda ba ki karɓa sai layin ya ragu zuwa na mako biyu, kuma a sabon farashi. In zangon ya ƙare ki rubuto min abin da littafin ya nuna da abin da maigida ya ce, mu ga batun fom.